Abin da Muka Daka a Turmin Gwaggo

Har yau in na bi ta gaban shagon caji na shaƙi hayaƙin janareta, sai na ƙara sauri na wuce. Na girma, na yi aure, na haihu, ina da ɗalibai masu ce mini Malama, amma warin nan na fetur yana mayar da ni yarinya, tsaye a bakin kasuwar Karaye da wayar Yaya a ƙarƙashin hijabina. Ku yi haƙuri da ni in na ja maganar. Akwai abin da nake son roƙonku, kuma ba za ku gane roƙon ba sai kun san gidanmu.

Ƙauyenmu yana wajen garin Turawa, a ƙasar Karaye. An kafa mana turakun wuta tun ina rarrafe, wayar ce ba ta taɓa zuwa ba, sai tsuntsaye suka samu wurin hutawa. Baba yana cikin masu zama a fadar dagaci, shi ake turawa in an yi rikicin iyakar gona, mutum ne da ko dariya sai ya duba hagu da dama kafin ya yi. Sai Gwaggo, yayarsa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ta kafa kaskon ƙuli-ƙuli a kusurwar tsakar gida, ta kuma kafa mulki a kan kowa, har shi Baban. Sai Inna, mahaifiyata.

Da rana Inna ba ta da hayaniya. Za ku same ta tana tankaɗe ko tana tsince wake, kanta a sunkuye. Amma in aka yi biki ko suna, aka fitar da maza, aka rufe ƙofar zaure, aka cika baho da ruwa aka kifa ƙwarya a kai, sai wata mace dabam ta fito daga jikinta. Ita ce mai ba da waƙa a kiɗan ƙwarya na duk unguwarmu. Muryarta tana da kauri a ƙasa da zaƙi a sama, kuma a take take ƙirƙirar baiti. Ta tsokani amarya, ta tsokani uwar miji, ta bi mazajen unguwa ɗaya bayan ɗaya da rowarsu da munsharinsu, mata suna faɗuwa ƙasa don dariya. Kowa ya san dokar wurin: abin da aka faɗa a kan ƙwarya, nan yake tsayawa. In an tashi, Gwaggo ce take ɗaukar bahon ta zubar da ruwan a gindin darbejiya, ta ce magana ta bi ruwa. Mazan ma sun san ana yi da su, ba su dai taɓa ji da kunnensu ba, don haka babu wanda ya damu.

Shekarar da Yaya, babbar 'yar gidanmu, ta dawo gida goyon ciki, da kaka ta haihu. An cire gyaɗa, rufin kowane ɗaki ya cika da harawa, gidanmu yana ta ƙamshin man da Gwaggo take matsa. Mijin Yaya mutumin Falgore ne amma a Kano yake sana'a, shi ya sayo mata waya mai ɗaukar hoto don ta riƙa nuna masa yaron. Ita ce wayar mace ta farko a gidanmu. Ranar suna da la'asar aka kifa ƙwarya, Inna ta samu jikan fari, ba mai riƙe ta. Ɗankwalinta ya faɗi ba ta ɗauka ba, ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga fili. Ran nan Baba ta kama. Ta yi masa baiti a kan yadda yake leƙa tukunyar miya ya ƙirga nama da ido, da yadda yake tsoron ƙadangare amma ya fita waje yana raba faɗan garada. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, tana cewa tun yana yaro haka yake. Yaya tana zaune a bakin ƙofa da jariri a cinya, ta ɗaga wayar ta ɗauka, don ta riƙa kallon mahaifiyarta in ta koma gidan miji. Da aka tashi Gwaggo ta zubar da ruwan kamar kullum.

To, ga inda abin ya same mu. Matan garinmu a lokacin sun yi imani cewa duk sirrin waya a cikin sim yake. Ai shi ne mai lamba, shi ake saya da hoton fuska, in an cire shi waya ba ta magana. Don haka mace in za ta aika da wayarta caji, sai ta buɗe bayanta ta cire sim ɗin, ta ƙulle shi a bakin zane kamar yadda ake ƙulle canji, ta miƙa gangar jikin hankalinta kwance. Haka matar limami take yi, haka ungozoma take yi, haka Yaya ta koya. Ranar kasuwa ta cire sim ɗinta a gabana, ta ƙulle shi ƙulli biyu, ta ba ni wayar na bi Gwaggo Karaye. Na miƙa wa mai caji, ya manna mata takarda ya jera ta cikin sauran. Aikinsa ba caji kaɗai ba ne. Yana yi wa samari turin waƙoƙi da finafinai a memori, kuma duk wayar da ta shigo hannunsa sai ya leƙa ya ga ko da abin da zai ƙara wa kayansa.

Kafin a gama sussukar dawa, na wuce majalisar samari zan je niƙa, sai na ji muryar Inna tana fitowa daga hannun wani. Na tsaya cak da ƙwaryar hatsi a kai. Suka gan ni, suka ƙara sauti, ɗaya ya tashi ya ɗaure rigarsa a ƙugu yana kwaikwayon rawar. Ban san yadda na kai gida ba. Daga ranar sunana ya koma 'yar mai rawa. A fada, in Baba ya buɗe baki zai yanke magana, sai wani ya ce a yi hankali akwai ƙadangare a bango, a kwashe da dariya ƙasa-ƙasa. Wani mai wa'azi ya yi magana a kan matan da suke tuɓe ɗankwali su yi rawa duniya ta gani. Bai kama suna ba, ba ya ma buƙata.

Baba bai daki kowa ba, bai saki Inna ba. Da ma ya yi faɗa, da ya fi sauƙi. Ya shigo da hantsi, ya karɓi wayar Yaya ya jefa a aljihu, ya ce, “Daga yau ba macen da za ta ƙara riƙe waya a gidan nan.” Sai ya dubi Inna, ya daɗe yana dubanta, ya fita. Inna ta shiga ɗaki. Ba wanda ya hana ta fita, ita ta hana kanta. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa barka, ta daina zuwa makarantar matan aure, don ta ce ba za ta iya haɗa ido da matar da ɗanta yake da ita a aljihu ba. Ko guɗa ba ta ƙara yi ba.

Gwaggo ce ta ce ba za ta zauna ba. Ta yafa mayafi ta ja hannuna muka koma Karaye, ta tsaya a gaban mai cajin ta wanke shi tas, tun daga kakansa. Ya tsorata, ya juyo da kwamfutarsa ya danna wani abu, ya ce, “Shi ke nan, Gwaggo, na goge.”

“Waɗanda ka ba fa?”

“Wallahi ban san adadinsu ba.”

“A cikin me ka ba su?”

Ya nuna mata memori, ɗan abu baƙi da bai kai farcen ɗan yatsa ba. Gwaggo ta juya shi a tafin hannunta ta ce, “Wannan ɗan abin? To zan tattaro su.”

Ita a tunaninta kamar gero ne ya zube a tsakar gida: da wuya, amma in ka durƙusa ka yi haƙuri za ka tsince. Haka muka fara. Ta soya ƙuli-ƙuli, ta cika kwalabe da man gyaɗa, muka riƙa bin gida-gida. Ba ta zuwa wurin samarin, wurin iyayensu mata take zuwa. A yi gaisuwa mai tsawo, a tambayi gajiya da yara da amfanin gona, sannan ta ajiye kwalba ta ce, “Alfarma na zo nema. Ɗanki yana da wani ɗan baƙin abu a wayarsa, mutuncin gidanmu yana ciki.” Wasu matan suka yi kuka tare da ita, suka ƙwato daga hannun 'ya'yansu. Wasu samarin suka kawo da kansu, kansu a ƙasa. Wasu kuwa suka gane an samu kasuwa, suka riƙa kawo mata matattun memori suna karɓar ƙuli, ko su tura wa aboki ta bulutut kafin su miƙa. Gwaggo ba ta da yadda za ta bambance, ni ma haka. Duk wanda aka ba ta sai ta ƙulle a bakin zane ta yi godiya har ƙasa.

In mun dawo, sai ta jawo ƙaramin turminta na dakan yaji. Ta zuba su, ta yi bisimilla, ta daka har su zama gari, ta kwashe ta kai masai. Sautin dakan nan ba irin na hatsi ba ne, wani ƙas-ƙas yake yi mai sa haƙori tsami. Inna tana jin sa daga ɗaki. In taɓarya ta tsaya sai ta ɗaga labule kaɗan ta ce, “Yaya, an gama?” Haka take kiran Gwaggo. Gwaggo ta share gumi ta ce, “Saura kaɗan.”

Rani ya shigo muna yawo. Muka ji abin ya kai Rogo, muka hau babur muka je Rogo. Muka ji dangin mijin Yaya sun gani a Falgore, har uwar mijin ta fara yi mata habaici, muka je Falgore, Gwaggo ta durƙusa wa yaran da ta yi jika da su. Ƙafafunta suka kumbura, jarin ƙulinta ya karye, ba ta fasa ba. Wata rana a tasha wani direban bas ya ce mana ai shi a Kano ya fara gani. Gwaggo ta tambaye shi gidaje nawa ne a Kano. Ya yi dariya, da ya ga fuskarta sai ya daina. Amma da muka dawo Inna ta ɗaga labule, amsar ba ta canza ba.

Ina sakandare a Karaye aka kawo wata malama da ta buɗe ɗakin kwamfutocin makarantar, wanda tun da na shiga a kulle yake, an lulluɓe komai da leda. Ta ce duk yarinyar da iyayenta suka yarda ta tsaya bayan an tashi. Na faɗa a gida, Baba ya ce ko kusa. A ranar na ji Inna ta ɗaga murya a karo na farko tun bayan sunan. Daga bayan labule ta ce, “Malam, ni ban taɓa riƙe waya ba. Ko kunna ta ban iya ba. Ya hana ta cinye ni? Ka bar yarinyar nan ta je.” Baba ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Bai ce e ba, bai kuma ƙara cewa a'a ba. Da zan tafi washegari Inna ta kira ni, ta riƙe wuyan hannuna da ƙarfi ta ce, “Ki koyo yadda ake kashe hoton nan. Shi kaɗai nake so ki koyo mini.”

A makon farko malamar ta ɗauki wayarta ta cire sim ta ajiye a kan tebur, ta kunna, ta nuna mana hotuna suna nan reras. Ta ce sim lamba ce kawai, hoto da bidiyo a cikin wayar suke ko a memori. Sauran 'yan matan suka ce laa. Ni kuwa na tuna ƙullin nan biyu na bakin zanen Yaya, na fita bayan aji na yi ta kuka. Da aka watse na koma na tambaye ta yadda ake goge abu daga wayar kowa da kowa a lokaci ɗaya. Ta dube ni, na san ta san ko 'yar wace ce ni. Ta ce, “Ba a yi, ƙanwata. In ya fita ya fita.” Na dawo gida Inna ta tare ni da ido. Na buɗe baki, sai na ji maganar Gwaggo ce ta fito: “Saura kaɗan, Inna.”

Na ci gaba da karatun, har Kano na je na ƙaro. Gwaggo ta rasu, a zatona tana ganin ta kusa gamawa. Baba ma ya bi ta, kuma a ciwonsa na ƙarshe Inna ce kaɗai yake yarda ta ba shi ruwa, sai dai maganar ba su taɓa yin ta ba. Ni kuma aure ya kawo ni Rogo, inda na samu wani zaure da faranti mai ɗaukar hasken rana, nake tara 'yan mata da matan aure ina koya musu. Darasin farko ba ya canzawa: in cire sim in nuna musu hoto yana nan. Har yanzu sai an samu mai dafe ƙirji. Daga nan mu shiga yadda ake kulle waya da lambar sirri, da abin da ake cirewa kafin a miƙa ta gyara, da neman izinin mace kafin a ɗauke ta, da yadda ake kai ƙarar hoton da aka yaɗa ba da yardar mai shi ba. Wasu sun koyi tallan ɗinkinsu da turarensu, suna samun na kansu. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ajin cika yake yana zubewa. Duk lokacin da wani abin kunya ya ɓulla a gari, ko da namiji ne ya yaɗa shi, wayar 'yan mata ake ƙwacewa, kuma nawa ɗaliban ake fara janyewa. In bi gida-gida ina gaisuwa mai tsawo ina neman alfarma, sai in ga ashe yawon Gwaggo na gada.

Bara da damina wata ɗalibata ta zo tana ƙyalƙyala dariya, ta ce, “Malama, kalli matan da.” Na karɓa. Tsakar gidanmu ce, ga darbejiya, ga baho, ga Inna ba ɗankwali, ƙuruciya sharaf a fuskarta. Hoton ya dusashe don yawan turi. An cire sautin an ɗora wani kiɗan zamani mai sauri, an yi rubutun ban dariya a ƙasa, mutane sun yi ta sa fuskokin dariya. Na kai ƙara wurin masu shafin, aka sauke. Bayan sati ya fito a wani shafin. Na sake kaiwa. Har yau ina kaiwa.

Da aka cire gyaɗar bana na je gida. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, hawan jini ya taɓa mata hannu ɗaya. Muna zaune a inuwa da hantsi muna ɓarar gyaɗa, ta yi mini tambayar da take yi duk zuwa, ko an gama. Na dubi hannunta mai ciwon a kan kwanso, sai na ji ba zan iya ba kuma.

Na ce, “Inna, ba ya gogewa. Ba a taɓa kusa gamawa ba. Tun makona na farko a ajin kwamfuta na sani.”

Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta jefa ƙwayar cikin kwanso, kwanson cikin ƙwaya. Can ta ce, “Na sani. Ita ma Gwaggonki ta sani, tun ranar direban nan.” Sai ta matso, ta rage murya kamar Baba yana zaure. “Ke kin gani ai. Ni ban taɓa gani ba. Muryar tawa ta fita da kyau?”

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna.

Ta ce, “Kunna mini in ji. Na manta yadda take.”

Na kunna, don ban san yadda zan ƙi ba. Kiɗan nan na baƙi ya cika tsakar gidan. Ta kara kunne, ta jira, ta jira har ya ƙare.

“Ina nake?”

“Sun cire, Inna. Hoton kawai suka bari.”

“Babu mai muryar?”

“Masu muryar su muka daka.”

Ta jinjina kai. Ta jawo kwanon gyaɗar ta kifa a cinya, ta buga da yatsun hannun mai lafiya, ta buɗe baki. Iska ce ta fito, sai tari. Ta sake gwadawa, ta kama farkon baitin ƙadangaren, sauran ya ɓace mata. Ta mayar da kwanon daidai ta ci gaba da ɓara.

Na bincika duk inda na iya. Wayar Yaya ta daɗe da mutuwa a akwatin Baba, memorinta shi Gwaggo ta fara dakawa. Shagon cajin ya zama na sayar da taki. Duk wanda na samu a intanet da kiɗan wani a kai. Ni da na yi shekaru ina roƙon a goge, ina koya wa 'ya'yan mutane gogewa da kullewa, ga ni yau na dawo da wani roƙon. In kana cikin samarin Karaye ko Rogo na wancan lokacin, yanzu ka zama magidanci, ka duba tsohuwar jakarka ko aljihun tebur. In kai ne ka ba Gwaggo mataccen memori ka ɓoye na gaskiyan, na yafe maka, wallahi ba zan tambaye ka komai ba. Kada ka tura wa kowa. Ka ba matarka ko ƙanwarka ta kawo mini zauren da ake koya wa mata waya, kowa ya san shi. Ka yi sauri don Allah, Inna ba ta da lafiya.